Mawashin Daimon a Ƙasar Rairayi: Na Kowa Ne ko Na Masu Sana'a?

Wanda ya bi babbar hanyar ƙasar Nijar mai lamba 1 daga Gidan Rumji, ya wuce Tibiri da mararrabar Maraɗi, ya ratsa Cadawa da Agie har ya dangana da Gazawa, zai daɗe yana dube-dube bai ga dutsen kirki a gefen hanya ba. Ƙasar jigawa ce, rairayi bisa rairayi, sai geza nan da can, sai fadamun Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba. Duwatsu masu tauri sai an yi kudu, can bayan Madarunfa wajen iyakar Najeriya. Ga shi kuma kusan kowace sana'ar yankin da kaifin ƙarfe take cin abinci: mahauci da wuƙarsa, wanzami da askarsa, tela da almakashinsa, baduku, masassaƙi, mai yankan kaba, manomi da gatarinsa da laujensa. Don haka mawashi a nan tun asali baƙo ne, daga wani wuri ake kawo shi, wanda bai samu ba kuwa ya goga a bakin dakalin siminti, ko a gefen dutsen niƙa, ko ya haɗa wuƙa biyu ya karta. Na baya-bayan nan cikin baƙin shi ne mawashin daimon, wani siririn allon ƙarfe mai ƙyalli da yawancinsa daga ƙasar Sin yake fitowa, wanda duk mai ɗan'uwa ɗan kasuwa a Kano ko mai iya yin oda ta waya zai iya mallaka yau.

Duk inda ya shiga hannun mutane ra'ayi kan rabu a kansa. Wasu na cewa wahalar washi ta ƙare, ga dutsen da ba ya cinyewa, ba ya neman mai, ba ya darewa in ya faɗi, kuma babu ƙarfen da ke gagararsa. Wasu na cewa kayan ruɗi ne, ranar farko ya ci ƙarfe ba ƙaƙƙautawa, kafin wata ya kama ya koma santsi, kuɗi sun bi ruwa. Kowane ɓangare abin da idonsa ya gani yake faɗa, shi ya sa ko rantsuwa ba ta raba gardamar. Matsayina shi ne, tsawon ran mawashin daimon ya rataya a kan abu biyu, irin ƙarfen da ake ɗora masa da nauyin hannun da ke gogawa, kuma a gundumomin Agie da Gazawa da Gidan Rumji, ƙarfen da ya fi yawa da irin riƙon da aka saba yi wa mawashi duk masu gajarta masa kwana ne. Kaya ne mai kyau ƙwarai ga wasu ƴan masu sana'a, amma ga yawancin gidaje asara ce.

Kafin a yanke hukunci sai a san abin da ke hannu. Daimon ɗin da ke jikin allon ba lu'ulu'un da ake haƙowa a Botsuwana ko Saliyo ba ne, na masana'anta ne. Kamfanin ASEA na Suwidin ya samar da shi a 1953, kamfanin General Electric na Amurka ya biyo baya a ƙarshen 1954, ta hanyar matse sinadarin kabon cikin matsanancin zafi da nauyi. Yau mafi yawan wanda duniya ke aiki da shi Sin ce ke yi, musamman lardin Henan, abin da ya sa garinsa ya yi arahar da har a faifan yankan tayil na magina ake manna shi. Yadda ake haɗa mawashin kuwa, allon ƙarfe ake samu a daidaita fuskarsa, a tsoma shi cikin ruwan sinadari, a saki lantarki, ƙarfen nikel ya riƙa hawa yana kama gindin ƙwayoyin daimon, kawunansu na waje. Shimfiɗa ɗaya ce tak. Lambar da ake rubutawa a jiki, 400 ko 600 ko 1000, girman ƙwayar take nunawa. A lissafin kamfanin DMT na Amurka, wanda aka kafa a 1976, ƙwaya mai lamba 325 maikiron 45 ce, mai 600 maikiron 25, mai 1200 maikiron 9, alhali sai an tara maikiron 1000 ake samun milimita guda. Ke nan duk abin da mutum ya ba da kuɗinsa dominsa da ƙyar ya kai kaurin silin gashi. Dutsen washi na gargajiya, da na kanti mai fuska biyu da ake yi da alumina ko karborandum, kamar kantun riɗi suke, ko'ina ka gutsura riɗi ne har ciki. Mawashin daimon kuwa burodi ne da aka barbaɗa wa riɗi a ka, in na saman ya zube sai gaya. Duk sauran gardamar daga wannan bambanci take tasowa.

Hujjar masu yabo mai ƙarfi ce, kuma bai kamata a tauye ta ba. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon ne ke sama da lamba 10, alumina 9, farin dutsen ƙanƙara da yawancin rairayi ya samo asali daga gare shi 7, ƙarfen wuƙa kuwa wajen 6. Lambobin ma sun ɓoye tazarar, domin daimon ya ninka alumina tauri kusan sau huɗu. Amfanin farko shi ne sauri. Wuƙaƙen kanti na ƙarfen da ba ya tsatsa sukan yi ta zamewa a kan dutsen gargajiya mutum ya gaji bai ga kaifi ba, amma daimon nan take yake kama su. Na biyu, kuma wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci, shi ne allon ba ya yin kwarmi. Kowane dutse da aka daɗe ana gogawa tsakiyarsa kan faɗa, gefuna su tashi. Wuƙar yanka ba ta cika damuwa da haka ba, amma almakashin tela, da ƙarfen fulen kafinta, da haƙoran injin aski, dukansu fuska shafaffiya suke so, in aka wasa su a kwarmi sun lalace ko da sun yi kaifi, almakashi ya riƙa taunar yadi, injin aski ya riƙa cizgar gashi. Na uku, ba a jiƙa shi, ɗigon ruwa kaɗan ya ishe shi, kuma ba shi da ƙofofin da jini da kitse za su shige su zauna kamar yadda suke yi a dutse. Ana gama aiki a wanke shi da sabulu ya fita tas. Ga mai taɓa naman da jama'a za su ci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma abin da ya sa kaifi a ƙasar nan ya wuce batun sauƙin aiki. Hadisi na 17 cikin Arba'una na Imam Nawawi, wanda Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus, ya umurci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, kuma malaman Malikiyya sun tsananta a kan kada mai yanka ya ɗaga hannu kafin ya gama yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. Dakusasshiyar wuƙa ita ke jefa mutum cikin wannan shakku ranar layya, lokacin da magidancin da bai taɓa rago ba tun bara ya zama mahaucin yini guda. Sai batun fata. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka kafa wa cibiyar kiwo ta musamman a birnin tun 1963, fatarta ce ta kai sunanta ƙasashen waje, kuma huji ko tsagar wuƙa wajen fiɗa na zubar da darajar fata a hannun majema. Wuƙar da ba ta da kaifi ƙarfi ake sa mata, wadda aka sa wa ƙarfi kuwa ita ke kuɓucewa ta huda. Mai yabon daimon zai ce duk abin da zai sauƙaƙa wa mutane samun kaifi alheri ne, kuma a nan babu mai ja da shi.

Inda maganarsa ke fara rauni shi ne cewar dutsen ba ya cinyewa. Ƙwayar daimon kanta tana jimrewa, gaskiya ne, sai dai ba ita ke fara mutuwa ba, nikel ɗin da ke riƙe da ita ne, kuma nikel bai kai ko rairayi tauri ba. Hanya uku allon ke lalacewa. Ko dai kan ƙwayar ya guntule ya dakushe a hankali, wanda shi ne tsufa na halal da kan ɗauki shekaru. Ko a tumɓuke ta ɗungurungum daga gindi saboda danniya. Ko tsatsa ta shiga ƙarƙashin nikel ta ɗaga shi ya riƙa ɓarewa. Na biyu da na uku aikin hannun mutum ne, kuma in sun auku babu magani. Dutsen da ya yi kwarmi ana zuba rairayi da ruwa a kan siminti a goga shi ya koma daidai, wanda ya rabe biyu an samu mawashi biyu ke nan. Allon daimon da fuskarsa ta zube kuwa babu maƙerin da zai tashe shi, daga Gangara har Cadakori, sai dai a sayo sabo, sabon kuma ta jirgin ruwa da iyakoki yake zuwa. Mutanen jihar Maraɗi ba sa buƙatar a tuna musu abin da ya faru da kayan shigowa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da iyakar Najeriya ta kasance a rufe har watan Maris na 2024, kayan da suka saba biyowa ta tashar Kwatano kuma suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Kayan aikin da mutum ba zai iya gyarawa a garinsu ba, ya kamata ya yi lissafi sau biyu kafin ya jingina sana'arsa da shi.

Sai dai su ma masu kushe akwai inda suke zaluntar allon. Yawancin waɗanda ake cewa sun mutu cikin wata guda da ransu. Sabon mawashin daimon yana zuwa da wasu ƙwayoyi da suka ɗara sauran tsawo, da wasu da ba su kamu sosai ba. Su ne ke sa shi kaushi da cin ƙarfe na ban mamaki a kwanakin farko, suna barin zane mai zurfi a bakin wuƙa. Bayan an wasa wuƙaƙe kaɗan sai su kakkarye ko su fita, allon ya yi laushi a hannu, ƙararsa ta ragu, kuma a nan ne ya kai ainihin lambar da aka rubuta masa. Masu ƙera shi da kansu suna faɗin haka. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka an cuce shi, ya ƙara danniya don ya dawo da cin ranar farko, danniyar kuma ta yi kisan da yake zargin an riga an yi. Abu na biyu da ke kama da mutuwa shi ne toshewa: garin ƙarfe da kitse su cike tsakanin ƙwayoyin har kawunansu su nutse. Ruwan ɗumi da omo da tsohon buroshin haƙori sun isa su buɗe shi, robar goge rubutun fensir ma tana yi. Gwajin kuwa ba ya cin ko dala: a goga gindin kwalba a kan wurin da ake zargi, in ya bar zane a gilashin, daimon na nan, a goga wuƙa da ɗigon ruwa, in ruwan ya yi baƙi, yana cin ƙarfe. Kulawar da ta rage ba ta fi a ƙirga da yatsu ba, a share rairayi daga jikin wuƙa kafin a ɗora ta, a yi amfani da faɗin allon gaba ɗaya maimakon tsakiya kaɗai, kada a caka tsinin wuƙa, kada a shafa masa baƙin mai, a tsane shi sarai kafin a ajiye, musamman da damina, a naɗe shi cikin tsumma saboda ƙurar hunturu.

To in kulawar ba ta fi haka ba, me zai hana kowa ya saya? Amsar tana maƙera. Abin da mutane da yawa ba sa tsammani shi ne ƙarfe mai laushi ya fi mai tauri cutar da mawashin daimon. A kan ƙarfe mai tauri ƙwayar na karta sama-sama tana ɗebe gari. A cikin mai laushi kuwa nutsewa take yi, ƙarfen ya rungume ta, in hannu ya ja da ƙarfi sai ya fizge ta daga nikel, ragowar kuma ya liƙe ya toshe allon. Maƙeran yankin nan, kamar na sauran ƙasar Hausa, sun daɗe da barin narkar da tama, da tsofaffin ƙarafa suke aiki: sifirin ɗin mota, rodi, guntun shasi, bakin tano. Wuƙar da aka ƙera da sifirin aka tsoma ta yadda ya kamata tana da tauri mai kyau. Amma da yawa daga kayan gona da na gida da gangan ake barin su da ɗan laushi, kuma wannan hikima ce, ba kasawa ba. Gatarin da ya cika tauri ɓallewa yake yi in ya haɗu da kulli a itace, adda mai tsananin tauri karyewa take yi, mai ɗan laushi kuwa lanƙwashewa kawai za ta yi a buge ta ta koma. Ƙarfen da magagari ke iya ci ba ya buƙatar daimon. An ƙirƙiro wa mawashin daimon kasuwa ne a inda ake da wuƙaƙen da aka cakuɗa wa sinadarai irin su banadiyam, waɗanda ke haifar da ƙwayoyi a cikin ƙarfen da suka fi alumina kanta tauri. Irin waɗannan wuƙaƙe na masu dafa abinci a manyan otal ne da masu sha'awar tara wuƙa a Turai da Amurka da Japan. Ba su ne ke rumfunan kasuwar Cadawa ba.

Ga kuma rairayi, wanda ba ya barin kowane kaifi ya daɗe. Yana cikin gashin akuya, yana jikin itace, yana gindin ciyawa, kuma ya fi ƙarfen tauri. Ganyen kaba da karan hatsi su ma suna ɗauke da sinadarin silika a jikinsu. Mai yankan kaba a kwarin Gulbin Kaba, ko manomin Ɗan Saga da ke sassaben zamani, wato gyaran tohon kututturen gawo da kalgo da sabara maimakon ƙone su, dabarar da ta bazu a jihar tun shekarun 1980 har aka ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, dukansu suna son kaifi, don sara mai tsabta ba ya yage ɓawon reshe. Amma kaifin nasu na sa'a guda ne, a wasa a sara a sake wasawa, a tsakiyar gona, da hannu mai gumi da ƙasa, a kan baki mai faɗi mai lanƙwasa da ake dannawa da ƙarfin kafaɗa. Duk sharuɗɗan da ke kashe allon daimon sun taru a wuri guda. A wannan fage magagari da guntun dutsen karborandum, wanda Edward Acheson ya gano yadda ake yinsa tun 1891 kuma har yau bai tsufa ba, sun fi shi ta kowace fuska, har da fuskar cewa in sun faɗi cikin rairayi babu abin da ya same su.

Wani zai ce, ai wannan duk batun koyo ne, a nuna wa mutane su sassauta hannu shi ke nan. Da mawashi kayan mutum ɗaya ne da na yarda. Amma a garuruwanmu ba haka yake ba. Dutsen washi na ƙofar gida ko na bakin maƙera na duk mai wucewa ne. Yaro ya zo da laujen babansa, maƙwabciya ta aiko da wuƙar kuɓewa, baƙo ya tsaya da addarsa, kuma wanda ya hana aron mawashi ya sayi sunan rowa da araha. Dutse na ɗaukar wannan duka, shekara da shekaru, don kowane mai gogawa sabuwar fuska yake buɗe masa. Allon daimon kuwa mutum ɗaya mai nauyin hannu ya ishe shi cikin rabin sa'a, kuma mai shi ba zai ma san wanda ya yi ɓarnar ba. Saboda haka mai sayensa tsakanin abu biyu yake, ko ya ɓoye shi ya sha surutu, ko ya bayar ya yi asara. Wannan ba aibin mutane ba ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a nemi gari ya canza kyakkyawar al'adarsa saboda allon ƙarfe ba. Kayan ne bai dace da wurin ba.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan wayo. Tunda na Sin ya yi araha, a ɗauke shi kamar reza, a yi aiki da shi in ya mutu a yar a sayi wani. Ga mai shagon aski a Agie da ke samun kuɗi kullum daga haƙoran injinsa, lissafin na iya fita. Ga sauran jama'a bai fita ba, saboda dalili biyu. Na farko, arahar daga wani wuri aka rage ta: daimon kaɗan, nikel siriri, wani lokaci ma ɗan fallen ƙarfe ne aka manna a kan roba, wanda ke lanƙwashewa, ya rasa shafaffiyar fuskar da ita ce babbar fa'idarsa, ga lambar da aka rubuta ba lalle ta dace da ƙwayar da ke jiki ba. Araha ba ta ado. Na biyu, saurin da ake yabo shi kansa yana da kuɗi, don mawashin da ke cin ƙarfe da sauri wuƙa yake cinyewa da sauri. Sau da yawa wuƙar da mahauci ke cewa ta dakushe bakinta ne kawai ya kwanta gefe guda, miƙewa take so ba ragewa ba, shi ya sa karta ta a jikin wata wuƙa ko sandar ƙarfe ke dawo da ita nan da nan ba tare da an ɗebe mata komai ba. Wanda ya mayar da allon daimon mai lamba 400 abin gogawa bayan kowane yanka zai ga wuƙarsa ta zama tsinke kafin shekara. Su ma masu injin washi na lantarki, da kan yi ciniki sosai gab da Babbar Salla, kada sunan daimon ya ruɗe su su ɗaura faifansa a inji don wuƙa. Da zafi ya yi yawa kabon ɗin daimon narkewa yake yi cikin ƙarfe, abin da ya sa masana'antu ke gurza ƙarfe da wani sinadarin dabam, na boron, da Robert Wentorf ya haɗa a 1957. Kuma inji kowane iri ne, in bakin wuƙa ya yi shuɗi an ƙone taurinsa.

Su wa suka rage ke nan? Tela da kafinta da mai injin aski, saboda shafaffiyar fuska. Mai kilishi, irin na Tasawa maƙwabciyar Gazawa, da ke fere nama fallen-fallen da wuƙa mai tauri, in zai yi babban washi da allon sau ɗaya a kwana biyu ko uku ya bar sauran wa sandar ƙarfe. Mahaucin da ya koma wuƙar kanti marar tsatsa. Sai wanda washin kansa ne sana'arsa, mai zama a kasuwa ana kawo masa, wanda shi ne ya fi kowa cancanta, don hannu ɗaya ne ke taɓa allon kuma yawan aiki zai biya kuɗinsa. Wanzamin gargajiya yana tsaka-tsaki. Daimon zai gyara masa askar da ta ɓalle da sauri, amma ko mai lamba 1000 yana barin ƙananan haƙora a baki, waɗanda ke da kyau ga nama amma suna kartar fatar mutum, don haka dutsensa mai laushi da fatar gogawa ba su da magaji tukuna. Waɗannan duka in za su saya, mai kauri ɗaya na ƙarfe zalla mai fuska biyu, 400 da 1000, ya fi tarin sirara. Kuma kada su bi shawarar da ake yawan bayarwa ta daidaita tsohon dutse da allon in dutsen na karborandum ne, domin laka mai kaushi da ke fita daga jikinsa nikel take ci. Siminti da rairayi sun ishi wannan aiki, rairayi kuwa ba a sayensa a Agie.

Magidancin da wuƙarsa ta maƙera ce, yankansa na suna da layya ne, ya riƙe dutsensa, ya daidaita shi in ya yi kwarmi, ko ya kai wa mai washi ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa. Ƴan kasuwar da ke kawo allunan kuma su daina sayar da su da sunan dutsen da ba ya mutuwa. Su gaya wa mai saye cewa zai yi laushi bayan kwanakin farko, ba a danna shi, ba a ajiye shi da lema, ba a ɗora masa gatari. Sarakunan Fawa da na Aska da na Maƙera a Tibiri da Gidan Rumji da Agie da Gazawa su ne maganarsu ke isa kunnen masu sana'a, kuma su ya kamata su fara gwada allon a kan wuƙaƙen da mutanensu ke riƙewa kafin kowa ya fitar da jikarsa.